TARA TSOFAFFIN KUƊI: DAGA DINARIN RUM ZUWA KWABO MAI HUJI

1. Kuɗi Ma Littafi Ne

Ya kai mai karatu, ga shi Allah ya nufe ka da sanin baƙaƙen boko, har kana iya haɗa su ka fid da magana. To, ka sani karatu ba a takarda kaɗai ya tsaya ba. Akwai wani littafi ƙanƙane wanda ba ya yagewa, gara ba ta cinsa, kuma ya kan yi shekara dubu biyu a cikin ƙasa rubutunsa bai goge ba. Wannan littafi shi ne kuɗin ƙarfe.

A ƙasashe da yawa akwai mutane masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi. Ba don su kashe su ke tara su ba, don kuwa ba a sayen ko gishiri da su yanzu. Suna tara su ne don su karanta abin da ke jikinsu, su san sarkin da ya buga su, da zamaninsa, da halin da ƙasarsa ke ciki. Cikin irin waɗannan kuɗi, na Rumawa suna cikin waɗanda aka fi nema. A wannan darasi za mu faɗa maka labarinsu, da abin da ya haɗa ka da su, sa'an nan mu nuna maka yadda za ka fara naka tarin a nan Roni, ba tare da ka yi hasarar guminka ba.

2. Su Wane Ne Rumawa?

Rum birni ne a ƙasar Italiya. Mutanensa sun yi ƙarfi har suka mallaki ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum duka, tun daga Ingila har Masar da Sham, har da gaɓar Afirka ta arewa, inda Tarabulus da Tunis su ke. Sarkinsu shi a ke kira Kaisar. Mulkinsu na yamma ya faɗi a shekarar 476, amma na gabas, wanda ke da babban birni a Santambul, ya daɗe har 1453.

Kada ka ce ina ruwanka da su. Baƙaƙen nan da ka ke karantawa yanzu, asalinsu na Rumawa ne. Watan Yuli sunan Yuliyas Kaisar ya ci, watan Agusta kuwa sunan Agustas, wanda ya yi mulki daga shekara 27 kafin haihuwar Annabi Isa har shekarar 14 bayanta. Kuɗinsu na azurfa sunansa dinariyus. Daga nan Larabawa suka sami kalmar dinari, daga dinari kuma Hausawa suka sami zinariya. Ashe duk ran da ka ambaci zinariya, sunan kuɗin Rum ka ke ambata ba ka sani ba.

3. Irin Kuɗinsu

Rumawa sun fara buga dinariyus wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa. A zamanin Agustas ga yadda lissafinsu ya ke. Ƙwaya ɗaya ta zinariya tana daidai da dinariyus 25 na azurfa. Dinariyus ɗaya yana daidai da sastarti 4 na tagulla. Sastarti ɗaya kuma yana daidai da ƙananan kuɗi 4 na jan ƙarfe, waɗanda a ke kira as. Sojan ƙasa na wannan zamani albashinsa dinariyus 225 ne a shekara. Da wannan kana iya gane darajar ƙwaya guda.

Ba su da inji. Maƙeri ya kan sassaƙa hoto da rubutu a juye a jikin hatimi biyu na ƙarfe mai tauri. Sai a ɗora 'yar faifan azurfa a kan na ƙasa, a aza na sama, a doka da guduma. Shi ya sa kuɗin Rum ba su cika kewaya sosai ba, wani ma za ka ga hoton ya karkace gefe guda.

A fuska ɗaya a kan sa kan sarki da sunansa. Yuliyas Kaisar shi ne mutum na farko da aka buga kansa a kuɗin birnin Rum yana da rai, a shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a shekarar nan aka kashe shi. A ɗaya fuskar a kan sa abin da sarki ke so talakawa su ji, ko yaƙin da ya ci, ko ginin da ya yi, ko abincin da ya raba. Zamanin nan ba jarida, ba rediyo, saboda haka kuɗi shi ne sanƙiran sarki, yana shiga kowace kasuwa da kowace jaka.

4. Yadda A Ke Karanta Su

Rumawa su kan taƙaita kalmomi don wuri ba yawa. In ka riƙe waɗannan kaɗan, ka sami mabuɗi:

IMP, watau shugaban mayaƙa.
CAES, watau Kaisar.
AVG, watau Agustas, laƙabin mai sarauta.
COS, watau wani babban muƙami na shekara guda.
TR P, watau ikon kare talakawa, wanda a ke sabunta wa sarki kowace shekara.
S C, watau da yardar majalisar dattawa.

Ka lura, a rubutunsu V ita ce ke tsayawa a madadin U. In ka ga CONSTANTINVS AVG, to, kuɗin Sarki Kustantin ne. Lambobinsu kuma baƙaƙe ne: I ɗaya, V biyar, X goma. Ba su rubuta shekara kamar yadda mu ke yi, amma in ka ga TR P X, ka san karo na goma ke nan da aka ba sarkin wannan iko, sai ka ƙidaya daga shekarar da aka fara ba shi, ka gane lokacin da aka buga kuɗin.

Kai da kanka ka san kuɗi na faɗin zamani. Ka tuna labarin As'habul Kahfi, yadda suka farka suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfa ya sayo abinci. Malamai masu tafsiri sun ce kuɗin nan ne ya tona al'amarinsu, don mai sayarwa ya ga na wani sarki ne da ya daɗe da shuɗewa, wanda su ke kira Daƙyanus. Akwai kuwa Kaisar mai suna Desiyus, wanda ya yi mulki daga 249 zuwa 251, kuma har yau kuɗinsa suna hannun masu tarawa.

5. Abin Da Azurfa Ta Tona

Mai tara kuɗin Rum, in ya jera su bi da bi, zai ga wani abu wanda sarakunan ba su so a gani ba. Dinariyus na Agustas kusan azurfa ce tsantsa, nauyinsa ya kusa giram 4. A shekarar 64 Sarki Nero ya rage nauyinsa, ya kuma gauraya shi da jan ƙarfe kaɗan. Waɗanda suka biyo baya suka ga hanya ta buɗe. Duk sa'ad da baitulmali ya yi ƙasa, ga sojoji na jiran albashi, sai a ƙara jan ƙarfe a rage azurfa. A zamanin Saftimiyus Safirus, wanda aka haifa a Labda kusa da Tarabulus, ya kuma yi mulki daga 193 zuwa 211, azurfar ta komo wajen rabi. Kafin shekarar 270, kuɗin da a ke kira na azurfa ya zama jan ƙarfe da aka shafa wa azurfa a bisa, abin da ke ciki bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Talaka ba wawa ba ne. Da mutane suka gane, sai suka ɓoye tsofaffin kuɗi masu kyau, suka riƙa ciniki da sababbi, 'yan kasuwa kuma suka ɗaga farashi. A shekarar 301 Sarki Diyokilishiyan ya kafa doka, ya yanka wa kowane kaya iyakar kuɗinsa, ya ce wanda ya ƙetare a kashe shi. Dokar ba ta ci ba. Sai da Kustantin ya fito da sabon kuɗin zinariya mai suna solidus, mai nauyin wajen giram 4 da rabi, aka riƙe nauyinsa ba ha'inci, sa'an nan aka sami kuɗin da kowa ya amince da shi.

Da wannan kuɗi na Rum Larabawa ke ciniki a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai a shekara ta 77 bayan Hijira, wajen 696 zuwa 697, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci, rubutu zalla ba hoto, mai nauyin wajen giram 4 da rubu'i. Shi ne dinarin da ka ke ji malamai na ambata a nisabin zakka, watau dinari 20, da kuma rubu'in dinari na mafi ƙarancin sadaki.

6. Ko Kuɗin Rum Sun Iso Nan?

Rumawa ba su mallaki ƙasar Hausa ba, hamada ta tsaya tsakani. Amma kayansu sun shigo cikin hamadar. A Fazzan, kudu da Tarabulus, akwai kangon birnin Jarma, inda aka tono tulunan Rum da kwalabensu. A shekarar 1925 kuma aka buɗe wani tsohon kabari a Abalesa, cikin duwatsun Hoggar a ƙasar Aljeriya, wanda Buzaye ke cewa na kakarsu Tin Hinan ne. Cikin abin da aka samu har da wata 'yar faifan zinariya mai ɗauke da shaidar kuɗin Kustantin. Daga baya ta cikin hamadar nan ce ayarin Kano ke bi ta Agadas da Gat da Gadamus zuwa Tarabulus.

Saboda haka in wani ya zo maka da kuɗi ya ce na Rum ne, ya tono shi a gona a Roni ko Gwiwa, ka yi hattara. Masu sayen na gaske daga hannun dillalai na Turai su ke saye, su kuwa dillalan kirki su kan ba da takardar da ta faɗi inda kuɗin ya fito. Ka kuma sani tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Ƙananan kuɗin tagulla na gidan Kustantin an buga su ba iyaka, har yau suna da yawa, ba su da tsada. Abin da ke sa tsada shi ne ƙarancin abu, da kyaun jikinsa, da yawan masu nemansa.

7. Naka Tarin Yana Gidanku

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kafin ka hangi Rum, duba tsohuwar jakar kakanka da kwallar kakarka. Ƙasar Kazaure tana kan hanyar fatake daga Kano zuwa Daura da Damagaram, kuɗi iri iri sun ratsa ta. Ga waɗanda ya kamata ka nema.

Na fari, wuri. Kalmar kuɗi ma kanta jam'in wuri ce. Wuri ƙwanson wata 'yar halittar teku ce, mafi kyaunsa daga tsibiran Maldib ya ke fitowa, can tekun Indiya. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Wuri 20,000 shi ne keso guda. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza riyal guda a kan wuri 2,500. Ka ga ke nan riyal 8, da za ka dunƙule a hannu, sun yi daidai da keson da sai ƙato zai ɗauka.

Na biyu, riyal ɗin nan, wanda a ke kira liyari, mai kan wata sarauniya. Sunanta Mariya Tareza, ta ƙasar Ostiriya. Nauyinsa giram 28 ne, kashi 5 cikin 6 azurfa. Kusan duk wanda za ka gani an rubuta masa 1780, shekarar da ta mutu, don kuwa an ci gaba da buga shi da wannan shekara ba a sāke ba. Saboda haka 1780 ba ta nuna ranar da aka buga wanda ke hannunka. Mata sun yi ado da shi a wuya, maƙeran farfaru kuma sun narkar da da yawa sun yi zobba da mundaye.

Na uku, kuɗin Turawa. Bayan sun ci Kano a 1903, sai a 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huji a tsakiya. Aninin farko na goran ruwa ne, mara nauyi. Duba su da kyau, za ka ga tauraro mai tsini shida, da rubutun boko, da na Larabci mai faɗin darajar kuɗin. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe. A 1920 aka daina yin su da azurfa, aka koma tagulla. Ga lissafinsu, don 'ya'yanka su sani: anini 10 kwabo, ɗari 2 kwabo, kwabo 3 taro, kwabo 6 sisi, kwabo 12 sule, sule 2 fataka, sule 20 fam. Shi ɗari, watau rabin kwabo, ya ci sunansa ne daga wuri ɗari.

Nemi na shekarar 1936 musamman. A shekarar nan Sarki Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a watan Janairu, ya yi murabus a watan Disamba. A Ingila ba a kai ga fid da kuɗinsa kasuwa ba, amma a nan an kashe kwabo da ɗari da anini masu sunansa. Wasu kuɗin kuma za ka ga ɗan ƙaramin H ko KN a jikinsu. Wannan alamar maƙerun da suka buga su ce a Birmingham.

Na huɗu, kuɗin Nijeriya. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fito da nasa. Ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kobo, naira ɗaya a kan sule 10. Duba bayansu ka ga arzikin ƙasa na wannan zamani: auduga a rabin kobo, rijiyar mai a kobo 1, koko a kobo 5, kwakwar manja a kobo 10, gyaɗa a kobo 25. In ka leƙa kasuwannin wajen Babura, kusa da iyakar Nijar, za ka iya samun na Faransa, inda har yau a ke kiran faran 5 dala.

8. Dokokin Mai Tarawa

Na ɗaya, kada ka goge tsohon kuɗi da toka, ko yashi, ko tsamiya, ko lemon tsami. Duhun nan da ya rufe shi rigarsa ce, ita ke kare shi, ita ce kuma shaidar tsufansa. Wanda ya goge ta don ya ga ƙyalli ya zubar da darajar kuɗin. In ƙasa ta manne, ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi sun isa, sa'an nan ka bar shi ya bushe sarai.

Na biyu, ka riƙe shi ta gefe, don gumin yatsa yana cin ƙarfe. Ka naɗe kowace ƙwaya a takardarta dabam, ka ajiye a wuri busasshe, nesa da raɓar damina.

Na uku, ka sami ɗan littafi. Kowane kuɗi ka ba shi lamba, ka rubuta sunansa, da shekararsa, da abin da aka rubuta a jikinsa, da wurin wanda ka same shi. In tsoho ne ya ba ka, tambaye shi abin da a ke saye da shi a ƙuruciyarsa, ko tiyar gero, ko ƙwaryar goro, ka rubuta. Nan ne karatunka zai yi maka rana, don ran da tsohon ya kau, abin da ka rubuta shi kaɗai zai rage.

Na huɗu, ka kiyayi jabu. Kuɗin Rum na gaske dukansa aka yi da guduma. Na jabu sau da yawa zuba shi a ke yi, sai ka ga ɗinki a gefensa, da ƙananan ramuka kamar na ƙyanda, rubutun kuma ya yi dushi-dushi. Azurfa da zinariya da jan ƙarfe duk ba sa bin mayen ƙarfe. In an ce maka riyal ne, ka ga maye ya kama shi, ko ka auna ka ga ya gaza giram 28 da nisa, mai da wa mai shi abinsa.

Na biyar, ka kiyayi 'yan damfara. Wani zai ce maka kwabo mai huji yana da asiri, ko akwai baƙon da zai saye shi da dukiya mai yawa, amma sai ka fara ba da wani abu. Kada ka sayar da akuya ko damin hatsi saboda irin wannan zance. An buga kwabon nan miliyoyi, mafi yawansu ba su da tsada. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na shida, in kana noma ko haƙar rijiya ka ci karo da tukunyar tsofaffin kaya, kada ka fasa, kada ka watsar. Ka sanar da mai gari da hakimi, su kai magana ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, mai kula da Gidan Makama a Kano. Doka ta hana fita da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba. A Ingila a 1992 wani mutum yana neman gudumar abokinsa da ta ɓace a gona, a ƙauyen Hoxne, sai ya faɗa kan taskar Rumawa mai kuɗi fiye da 14,000. Bai kwashe ya ɓoye ba, ya kai labari. Masana suka zo suka tono ta a tsanake, suka gane abubuwa da yawa game da ƙarshen mulkin Rum a can, aka kuma ba shi lada bisa dokar ƙasarsu. Da ya kai wa maƙeri, da wannan sani duk ya narke a cikin wuta.

9. Aikin Wannan Mako

Da yayyafi kogi kan cika. Ba sai kana da dukiya za ka fara ba. Je wurin dattawan gidanku ka gaishe su, ka roƙi su nuna maka abin da suka ajiye. Nemi wuri guda, anini guda, kwabo guda, sule guda, da kobo guda. Jera su bisa tabarma tun daga babba a shekaru har ƙarami, ka kira 'ya'yanka, ka karanta musu abin da ke jikin kowane. In wata rana ka shiga Kano, leƙa Gidan Makama ka ga yadda a ke adana kayan da.

Tambayoyi

1. Daga wace kalma Hausawa suka sami sunan zinariya?
2. In ka ga TR P X a kuɗin Rum, me ya ke nufi?
3. Me ya sa farashi ya tashi a ƙasar Rum kafin shekarar 301?
4. In riyal guda wuri 2,500 ne, riyal nawa ne keso 3?
5. Kwabo nawa ne a cikin fam guda? Anini fa?
6. Don me ba a goge tsohon kuɗi da toka?
7. In ka tono tukunyar tsofaffin kaya a gonarka, wa za ka fara gaya wa?